Gwangwani Shida na Garin Bedi

Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yarta ta fari, kuma a Ɗan Kassari, inda aka haife ta, mace ba ta ambaton sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta yaba masa ko tsawata masa a gaban mutane. Ana yaye ni aka kai ni Matankari wurin kakata ta wajen uba, can na girma. Sunana Barira, amma a bakinta ni "mutuniyar Matankari" ce, da na shiga jami'a kuma na koma "mutuniyar Yamai". Ni ma ban taɓa ce mata Inna ba. Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗi. In tana son gaya mini wani abu, sai ta gaya wa duk wanda ke kusa, ni kuma in ji. In babu kowa, sai ta gaya wa kaji.

A Dogon Dutsi ana ce mata Sahura mai kaji. Ba da kaji ta fara ba. Mahaifinmu, Malam Gado, tela ne a bakin kasuwa, har ranar da idonsa ya daina ganin ramin allura. Daga nan Yaya ta shiga dafa zogala tana kwaɗawa da ƙuli, tana sayar wa matan unguwa da hantsi. Wata shekara wani maƙwabci da zai bar gari ya bar mata 'yan tsaki goma sha biyu, farare, irin kajin turawan nan da ake kiwo don nama, waɗanda cikin sati shida suke isa yanka. Ba ta san komai a kansu ba. Ta dai lura cewa waɗanda suke fakewa kusa da inda take tsince zogala, suna tsattsagar abin da ya zuba, sun fi sauran kuzari, ƙafafunsu kuma sun fi rawaya. Wannan ne dukan karatun da ta yi a kan kiwo. Sauran da ido da harshe ta koye shi, cikin shekara goma sha ɗaya.

Ganyen zogala a ɗaki take shanya shi, a kan tsohon zane, ba ta yarda rana ta gan shi, wai rana tana shanye masa ƙarfi. In ya bushe ta daka shi, ta tankaɗe sau uku da rariyar laushi har ya koma kamar kwalli. Shi take zubawa da yawa a cikin abincin kaji. Tafarnuwa kuma a ruwan sha, ranar da ta ga yanayin gari ya canza. Sai bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro. Shi ba ta sake masa hannu. Abin da yatsu uku suka ɗauka take barbaɗawa a tiya guda, shi ma Litinin da Alhamis kawai. Kowace safiya, kafin ta zuba wa kaji abinci, sai ta dangwali kaɗan ta ɗora a harshe, ta ɗan yi shiru kamar mai sauraren wani abu daga nesa. Rigakafi tana yi musu, ba ta wasa da shi. Amma garin maganin nan na ƙunshi da ake saye a shago, wanda wasu ke zuba wa kaji tun daga ranar farko har ranar yanka, ba ya shiga gidanmu sai in cuta ta kama su sosai.

Da wannan aka san ta. Ma'aikatan da aka turo Dutsi daga wasu garuruwa sukan gaya wa junansu gidan. Akwai wani malamin lakkwal, wato makarantar boko, Malam Abdussalamu, da ya yi shekara bakwai ba ya sayen kazar salla ko'ina sai wurinta. Yakan ce naman kajinta ba ya warin asibiti. Ƙawarta Kubra, wadda ke shugabantar ƙungiyar mata masu kiwo a unguwarmu, ta daɗe tana lallashin matan su koyi hanyar Sahura, har goma sha huɗu daga cikinsu suka amince za su gwada bayan ƙaramar salla, in sun ga yadda kajinta na azumi suka fito.

A wannan shekarar ce na zo da takardata.

Ina shekarar ƙarshe a sashen kiwo, kuma dole kowane ɗalibi ya yi gwaji ya rubuta littafin kammala karatu. Na zaɓi garin bedi a abincin kajin nama. Ba zan ɓoye ba, don Yaya na zaɓe shi. Ina son in kawo mata wani abu da zai nuna cewa abin da take yi da yatsu uku yana da suna a littafi. Ban iya gaya mata haka ba. Na gaya wa Gwaggo Kubra cewa ina neman kaji sittin da zan yi gwaji da su, ita kuma ta faɗa da ƙarfi a tsakar gidanmu, Yaya tana tankaɗe a gefe.

Yaya ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Kubra, kwali huɗu na 'yan tsaki munka yi oda, ɗari biyu ke nan. A ce ma mutuniyar Yamai ta ɗauki duka."

"Duka? Sahura, kajin salla ne hwa."

"Na san salla."

Gwaggo Kubra ta dube ni ta yi dariya. "To, likitar kaji, kin ji. Uwar da ba ta san sunanki ba ta ba ki gonarta."

Muka raba rumfar kaji gida biyu da zana. Ɗari a hagu, abincin buhu zalla, babu ganye ko ɗaya, don a samu abin kwatantawa. Ɗari a dama, abincin buhu da garin bedi. Zogala da tafarnuwa na ce a ajiye su, don kada su rikita lissafi. Yaya ta tattara zanen shanyarta ta ninke.

Ga inda kuskuren ya shigo. A takardata an rubuta kashi ɗaya cikin ɗari, wato giram ɗari biyu da hamsin na bedi a kowane buhu mai kilo ashirin da biyar. Na san babu sikeli a gidanmu, saboda haka tun ina Yamai na yi dabara. Na samo gwangwanin madara, na cika shi da busasshen bedi da na murmushe da hannu, na auna a ɗakin gwajin makaranta. Giram arba'in da ɗan ɗoriya. Na rubuta da jan biro: gwangwani shida a buhu. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar.

Da na zo gida na ce a samo bedi. Yaya ta shanya shi a ɗaki, ta daka, ta tankaɗe sau uku, yadda take yi wa komai. Ta kawo mini a roba, kore shar, laushi kamar hoda. Na ɗebo gwangwanina na fara zubawa ina ƙirgawa. A na biyu na ji ta daina motsi a bayana. A na shida ta yi gyaran murya, ta fita.

Washegari da safe ta dangwali abincin ta ɗora a harshe. Ina tsugune ina rubuta zafin rumfa. Ta tofar a gefe, ta goge baki da bakin zane, sannan ta leƙa kan zana wajen 'yan tsakin dama.

"Ku kam kun sha ɗaci," ta ce musu. "Ko doki anka ba wanga, sai ya ja baya."

Na ji. Babu yadda za a yi in ce ban ji ba, tsakanina da ita bai kai taku uku ba. Na ci gaba da rubutu. A raina na ce ita da yatsu take awo, ni da sikeli na yi, dole ta ga kamar ya yi yawa.

Bayan kwana goma bambancin ya fara fitowa. Na hagu suna rububin abinci, su ci su kwanta. Na dama sai su zo bakin mazubi, su tsattsaga, su watsar da rabi cikin ƙaiƙayi, su koma wajen ruwa. Wata safiya Yaya ta ɗauki guda ta shafa ƙirjinta da babban yatsa.

"Ƙashi zalla," ta ce wa kazar. "Ki gaya ma mai takarda, in tana ji, a ɗan rage maku. Ko rabi ne."

Wannan karon na amsa, amma ni ma kazar na duba. Na ce, "Haka takarda ta ce. In an canza, gwajin ya ɓaci."

Yaya ta ajiye kazar a hankali. Ba ta sake yin maganar ba.

A rana ta ashirin da huɗu wata abokiyar karatuna ta aiko mini da ƙaramin sikeli mai batir a motar Yamai. Kafin nan a sikelin wani mai sayar da siminti nake auna kajin, goma goma a cikin kwando. Na zauna da la'asar a ƙofar rumfa ina wasa da sabon sikelin, ina ɗora duk abin da hannuna ya kai. Na ɗora biro. Na ɗora wayata. Sai na cika gwangwanin da garin bedi na Yaya na ɗora.

Giram ɗari da talatin.

Na zubar na sake cikawa. Ɗari da ashirin da takwas. Ganyen da na murmushe da hannu a Yamai rabinsa iska ne da jijiya. Garin da aka tankaɗe sau uku kuwa yana zama daram, ba ya barin wuri. Kwana ashirin da huɗu ina ba kajin ninki uku na abin da takardar ta ce.

Wannan kuskure ne, kowa yana iya yin sa. Abin da ya biyo baya kuma ba kuskure ba ne, ina sane na yi shi.

Saura kwana goma sha takwas. Da na rage a ranar, na mayar musu da zogala, da sun ɗan farfaɗo kafin salla. Amma in na rage, gwajina ya tashi daga aiki, sai in kira malamin da ke duba aikina in ce masa na ɓata wata guda. Kuma sai in tsaya gaban Yaya in ce, abin da kika faɗa sau biyu gaskiya ne. Na daɗe zaune da gwangwanin a hannu, har aka kira sallar magariba aka sha ruwa. Sannan na buɗe littafina, inda na rubuta kashi ɗaya cikin ɗari, na soke, na rubuta kashi uku. A takarda ya zama gwaji mai kyau: me zai faru in bedi ya yi yawa. Da safe na zuba gwangwani shida kamar kullum, ina kallon hannuna yana yi.

Ana saura kwana uku salla masu saye suka fara zuwa. A Dutsi ba a auna kaza da sikeli. Mutum yakan kama fukafukanta biyu ya ɗaga, ya jijjiga kaɗan, ya taɓa ƙirji, hannunsa ya gaya masa. Malam Abdussalamu ya zo da hantsi a kan babur. Ya gaida Baba a zaure, ya shigo yana fara'a.

"Hajiya Sahura, ina masu cin ganyen namu?"

Yaya ta nuna masa dama da haɓa. Ya ɗaga guda. Na ga fuskarsa ta canza. Ya ajiye, ya ɗaga wata. Sannan ya leƙa hagu, inda manyan suke kwance suna haki saboda ƙiba.

"Waɗannan fa?"

"Su ba su ci ganye ba," in ji Yaya.

"Ikon Allah." Ya ɗan yi dariya marar daɗi. "Ashe shekara bakwai ganye nake saye, ba nama ba."

Ina tsaye a bayan randa da littafina. Kalma biyar za ta isa. Na jira Yaya ta ce, aikin yarinyar nan ne, ba nawa ba. Ta gyara ɗaurin kallabinta kawai, ta ce, "Bana haka Allah ya yi, malam." Ya sayi biyu daga hagu ya tafi.

Zanar da na kafa da hannuna ita ta yi mata shaida mafi muni. Duk wanda ya shigo gidan ya ga abu biyu gefe da gefe, masu ganye ƙanana, marasa ganye manya, kuma ba ya bukatar a yi masa bayani. Na hagu suka ƙare a kwana biyu. Na dama sai bayan salla da sati uku aka rabu da su, wurin masu gashi a bakin tasha. Matan ƙungiya goma sha huɗu kowacce ta zo ta gani da idonta. Babu wadda ta sake tayar da maganar koyon hanyar Sahura. Na ji wata tana cewa a bakin famfo, dama can sa'a ce take bin ta, yanzu ta ƙare.

Na koma Yamai. Na rubuta littafina, na tsaya gaban malamai uku na kare shi, aka ba ni maki mai kyau. Ɗaya daga cikinsu ya yaba da yadda sakamakon ya fito sarai. A shafin godiya na rubuta sunan mahaifiyata cikakke, wanda ba za ta iya karantawa ba.

Da na dawo gida da damina, na tarar da kaji arba'in kawai a rumfar da take ɗaukar ɗari biyu. An cire zanar, amma ramukan sandunanta suna nan a ƙasa. Yaya ta koma dafa zogala da hantsi, tana aikawa gida gida. Ba ta canza mini fuska ba. Ta sa aka yanka mini kaza ranar da na iso, ta gaya wa Baba, ina ji, cewa mutuniyar Yamai ta rame.

Kwana shida ina kai da kawo kafin na iya zuwa gidan Gwaggo Kubra. Na gaya mata komai a tsaye, ina kallon ƙasa. Ta bar wankin da take yi.

"Ke Barira! Kina sane, kinka bar uwarki tana shan kunya gaban malamin lakkwal?"

"Ina sane, Gwaggo."

"Kai, kai, kai. Shiru shirun ga naku na gado ne, wallahi. Ita ba ta magana, ke ba ki magana, kaji ne kaɗai masu baki a gidanku." Ta yarfe kumfa daga hannunta. "To ni ba ni kai saƙon ga. Ran Asabar muna taro nan. Ki zaka da bakinki."

Ranar Asabar da la'asar mata wajen ashirin suka zauna a tabarmi a tsakar gidanta. Yaya tana can ƙarshe, kusa da turken awaki, ta ba ni gefe. Na zo da sikelin, da gwangwani biyu, ɗaya cike da ganyen da na murmushe, ɗaya da garin Yaya. Na fara bayani ƙasa ƙasa, ba yadda na yi a gaban malamai uku ba.

"Ɗaga murya, likita," in ji Gwaggo Kubra. "Ba kaji kike ma magana ba."

Aka yi dariya. Na ɗora gwangwani na farko, na sa wata mai suna Zalihatu ta karanta lambar. Na ɗora na biyu, ta karanta. Na ce kajin da suka gani da azumi ba a hanyar Sahura aka kiwata su ba, a hanyata ne. Na ce na hana ta ba su zogala da tafarnuwa. Na ce ta gargaɗe ni sau biyu. Sannan na faɗi wanda ya fi nauyi, cewa na gane kuskuren saura kwana goma sha takwas, na ci gaba don kada karatuna ya ɓaci.

A turke, wata akuya tana ta jan igiya.

Wata dattijuwa ta juya wajen Yaya. "Sahura, ke mi ya hana ki faɗi?"

Yaya tana tsinke zare daga bakin zanenta. Da ta tashi amsawa, akuyar ta duba.

"Na faɗi sau biyu. Na ukku sai ya zama na ce karatun banza ne, gaban mutane. Shekara goma sha bakwai ana karatun ga."

Ba kowa ya gamsu ba. Zalihatu ta ce ita dai abin da idonta ya gani ya gani, ta ɗauki takalmanta. Wasu suka bi ta. Mata biyar suka tsaya, suka tambayi Yaya yaushe za ta sake shanya, su zo su gani. Biyar cikin goma sha huɗu. Malam Abdussalamu kuwa har yau bai dawo ba. Na je lakkwal ɗinsu sau ɗaya don in yi masa bayani, na tsaya a bakin ƙofa har aka tashi yara, na juyo. Ina da niyyar komawa.

Washegarin taron na fito da safe na tarar da Yaya a rumfa tana haɗa abinci. Alhamis ce ko Litinin take sa bedi, ranar kuwa Lahadi, amma robar tana gabanta a buɗe. Sikelina yana kan bulo, ba inda na ajiye shi ba. Ta tsoma yatsu uku cikin garin, ta ɗago, ta tsaya da hannunta a sama.

"Ku tambayi mai sikeli," ta ce wa kajin, "wanga nawa ne a takarda?"

Na matso na tsuguna, na kunna shi. Ta saki garin a kan farantin, yatsunta sun yi kore. Lambar ta yi rawa ta tsaya.

"Kusan giram biyu, Yaya."

"A tiya guda," ta ce. "Litinin da Alhamis. A rubuta."

Ban zo da littafi ba. Na rubuta a tafin hannuna.